Kurakuran da aka fi yi wajen ba da izini lokacin girka manhaja

Da zarar allo ya nuna "Permission denied", hannun da yawa daga cikinmu kan tafi kai tsaye ga chmod 777, umarnin da ke sauya izinin fayil. Wannan kuskuren shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. A Linux, karantawa 4 ce, rubutawa 2, gudanarwa 1, jimla 7. Bakwai sau uku kuwa na nufin mai fayil, da rukuninsa, da kowane asusu da ke kan injin, duk an sakar musu mara su sauya shi. Manhajar za ta tashi, amma garin neman gira an rasa ido, don duk wanda ya kutso ta wata ƙaramar kafa zai rubuta abin da ya ga dama a ciki.

Kafin ka taɓa komai, buga umarnin ls -l ka ga wa ke da fayil ɗin, sannan ka gano da wane asusu manhajar ke aiki. Galibi matsalar ta mallaka ce. A Ubuntu da Debian, sabar yanar gizo da asusun www-data take aiki, ba da naka ba. Sai ka miƙa mata foldar da take buƙatar rubutu a ciki kawai da chown, umarnin sauya mai fayil, sauran foldoji su zauna a 755, fayiloli a 644. Ka duba foldojin da ke sama da ita ma. Ɗaya tak ta rasa izinin shiga, hanya ta toshe.

Wani kuskuren kuma shi ne saka sudo, mai gudanar da umarni da ikon root (babban asusu mai cikakken iko), a gaban kowane umarni. Na taɓa kwana ina neman abin da ya hana wata manhaja sabuntuwa, ashe umarnin girkawa na sudo npm install da na buga da rana ne ya mayar da rabin fayilolin mallakin root. Da na dawo da su hannun asusuna da chown, nan take ta wuce.

SSH kuma, hanyar shiga wani inji daga nesa, yawan izini ne ba ya so: makullinka na sirri in ya buɗe da yawa, ƙin karɓarsa zai yi, sai ka mayar da shi 600, wato kai kaɗai ke karantawa da rubutawa.

A Windows, asusu na gama-gari ba ya rubutu a foldar Program Files, kuma tun da UAC (tsarin da ke neman amincewarka kafin a yi aikin admin) ya zo da Windows Vista a 2007, ko asusun admin sai an amince tukuna. Kashe UAC ba magani ba ne. A ajiye bayanan kowane mai amfani a foldar AppData, na kowa da kowa a foldar ProgramData. Kuma in kai ke haɗa manhajar, buɗe asusu marar ikon admin ka gwada ta a can kafin ka raba wa mutane, don a nan ne za ka ga abin da su za su gani.