Kurakuran da 'yan uwa ke tafkawa a kasuwar Kirsimeti ta Baden-Baden

Duk Disamba sai wani sabon zuwa Jamus ya kira ni yana ƙorafin tafiyarsa Baden-Baden, kuma wallahi kurakurai iri ɗaya ne suke ta maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani.

Na farko wanda ya fi ci min rai shi ne tikiti. Shekarar da na fara zuwa ina riƙe da Deutschlandticket, wato tikitin wata-wata na hawa bas da jiragen ƙasa na yanki a faɗin Jamus, na ga ICE, jirgin ƙasa mai gudu na dogon zango, ya tsaya kawai na faɗa ciki don in isa da wuri, ashe tikitin bai aiki a ICE sai jiragen yanki. Mai duba tikiti ya zo, ga jama'a suna kallo, na biya tarar da ta haɗiye kuɗin da na ware na yinin gaba ɗaya, na isa kasuwar ko gyaɗar almond ban iya saya ba. Ku hau RE ko RB, su ne jiragen yankin, daga Karlsruhe ba nisa. Sannan tashar jirgin tana unguwar Oos ne, kusan kilomita 5 daga tsakiyar gari, kar ka ce za ka taka cikin wannan sanyin, bas 201 zai sauke ka Leopoldsplatz, daga nan kasuwar tana gaban babban ginin da ake kira Kurhaus.

Na biyu, haba jama'a ku riƙa tambaya kafin ku kai abu baki! Wannan jan abin sha mai zafi da kowa ke riƙe da shi a kofi, Glühwein, giya ce aka dafa da kayan ƙamshi. Ka ce Kinderpunsch, shi babu barasa. Bratwurst, wato gasasshen tsiran-alade (sausage), galibi naman alade ne, Flammkuchen ma, wani siririn burodi mai kama da pizza, ana barbaɗa masa alade sai dai ka nemi na ganye. Ni dai soyayyen dankali da gasasshen maroni ('ya'yan itacen chestnut) nake ci, hankalina kwance.

Kofin ana karɓar kuɗin ajiya a kai, ka mayar a dawo maka da kuɗinka. Ka riƙe tsabar kuɗi, ba kowace rumfa ke karɓar kati ba.

Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4:30, la'asar da magariba kusan manne suke, ni da alwalata nake fita gida. In kuma za ka leƙa Caracalla Therme, gidan wankan ruwan ɗumi na garin, tafkunan da kayan wanka ake shiga amma sashen sauna (ɗakin gumi) da ke saman bene tsirara ne maza da mata a haɗe, kar ka hau sama.