Kankanar Gasa: Kurakuran da Na Gaji da Gani Wajen Sababbin Shiga

Bana ma mutum uku suka turo mini hoton lambunsu a watan Agusta, kowa da kuka iri ɗaya: kankanarsa ta tsaya, ta ƙi ƙaruwa. Ina duba hoton sai in ga amsar kwance a fili, 'ya'ya huɗu ko biyar a jikin shuka ɗaya. Na faɗa da baki har na gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Ni a nan kudancin ƙasar Amurka na koyi wannan noma, a ɗan filin da ke bayan gidana. A nan gasar noman kankana mafi nauyi take da ƙarfi, kuma ƙungiyar Great Pumpkin Commonwealth ce ke kula da wuraren awo a watannin Satumba da Oktoba. A 2005, a garin Hope na jihar Arkansas, Lloyd Bright ya ɗora kankana mai laba 268.8 a kan sikeli. A 2013 Chris Kent na Sevierville a jihar Tennessee ya kawo mai laba 350.5, kilo 159 ke nan, ta fi buhun siminti uku nauyi. Irin waɗannan mutane ne a gabanka, don haka ka ajiye tunanin noman kasuwa a gefe.

Wannan tunani shi ne ciwon da ya fi cin mu. Duk wanda ya taso yana ganin noman rani a fadama ya san manomi yawa yake nema, ya cika mota ya kai kasuwa. Idonsa ba ya jure ganin an tsinke lafiyayyar kankana an yar. Ni ma haka na shigo. A shekarata ta biyu shukar ta yi kyau ƙwarai, ta ɗauki 'ya'ya biyu dogaye, sumul, kamar tagwaye. Na tsaya a kansu da wuƙa a hannu ya fi sau biyar, na kasa. Na ce in ɗaya ta lalace ai ga ɗaya. Ranar awo babu wadda ta kai kilo 45, alhali wani dattijo da muka raba iri ɗaya da shi ya zo da guda ɗaya tal wadda sai da mutum huɗu suka ɗaga. Wata shida na wahala suka tafi a banza, kuma ba fari ba ne, ba cuta ba ce, ni ne na ƙi yanka. Taura biyu ba ta taunuwa. Duk abincin da ganye ya haɗa, duk ruwan da saiwa ta jawo, wuri ɗaya ake so ya tafi.

Wani yaro ɗan ƙanwata da ya fara bana ya ce mini, "Kawu, ai wannan asara ce." Na ce masa asarar tana zuwa ranar da za ka tsaya gaban sikeli. Abin da nake yi yanzu shi ne, in bar uku su kama, in sa musu ido har su kai girman ƙwallon ƙafa ƙarami, in zaɓi wadda ta fi tsawo da miƙewa, wadda ba ta da ƙugu ko lanƙwasa, in yanke sauran a ranar. Bayan nan kullum da safe ina zagawa, duk furen mace da ya ɓullo in tsinke shi. Ka yi sakaci kwana huɗu, za ka tarar da wata ta ɓuya a ƙarƙashin ganye tana satar abinci.

Iri kuwa, kada ka ɓata shekararka da na kanti. Kankanar ci ba za ta zama ta gasa ba ko ka ba ta takin duniya. Carolina Cross ake shukawa, kuma ko a cikinsa ka nemi na hannun masu gasa, wanda aka rubuta masa nauyin uwar da sunan wanda ya noma da shekarar.

Sai ruwa. Nan ma na sha wuya, har yau in na tuna raina yana ɓaci. Na yi tafiyar kwana biyar a tsakiyar zafi, na bar wa wani maƙwabci amanar ban ruwa, bai yi ba. Da na dawo na ga ganye ya yi laushi, sai na buɗe tiyo na sake mata ruwa har ƙasa ta yi caɓi, ina ganin ramuwa nake yi mata. Kwana biyu bayan haka na fito da asuba na tarar ta tsage daga gindi, tsagar da yatsana ke shiga, tururuwa har sun yi layi. Ita ce mafi girma da na taɓa nomawa zuwa lokacin. Ɓawon da ya sha ƙishi taurarewa yake yi, in ruwa ya shigo da yawa lokaci guda cikin ya kumbura, ɓawon ya kasa biyo shi. Kuma a wajen awo kankanar da ta tsage har ciki, ko ta fara ruɓa, ba a lissafa ta, komai girmanta. Laifin maƙwabci rabi ne, rabin nawa ne. Yanzu siririn tiyo mai ɗiga nake shimfiɗawa, da agogon da ke buɗe shi da kansa, kaɗan-kaɗan kullum a lokaci ɗaya. In ƙasa ta bushe da tsautsayi, a hankali nake mayar da ita cikin kwana uku ko huɗu. Kuma ku daina watsa ruwa a kan ganye da yamma! Ganyen da ya kwana a jiƙe shi ke gayyato cutar tabo da fumfuna. Gindin shukar ma a bushe nake barinsa, don in ya ruɓe komai ya ƙare.

Masu zuba yuriya kamar gishiri a miya, ku ji tsoron wahalar kanku. Ganye za ku samu kore shar, da yaɗo har cikin gidan maƙwabta, da darɓa, amma fure ya ƙi kamawa. Ku kai ƙasarku a auna kafin shuka. Kankana ta fi son ƙasa mai awon tsami (pH) tsakanin 6 da 6.8. Ni takin shanu da ya ruɓe sosai nake binnewa tun kaka.

Gaggawar dashe ma kuskure ce, ƙasa mai sanyi tana daƙile tsiro. A ɗaki nake tsirar da nawa cikin Afrilu, sai Mayu in fitar. Kada ka cusa shuka uku a wurin da ɗaya ke bukata. Kada ka jira ƙudan zuma in kana son sanin uban irinka: da sassafe ka ciro furen namiji ka goga a kan na mace, mai 'yar kankana a ƙarƙashinsa, ka rufe.

Akwai abin da ya ba ni sha'awa da na fara gani. Manyan masu gasa da dama suna yi wa kankanarsu aure da duma, duman ƙwarya da muka sani, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Saiwar duma ta fi jure cutar ƙasa mai sa shuka ta yanƙwane rana tsaka. Amma ban ba sabon shiga shawarar ya fara da wannan ba. Ka iya raya shuka tukuna. In cutar ta taɓa shiga filinka, ka sauya wuri.

Da 'yar ta kama, kada ka bar ta a kan danyar ƙasa, kuma kada ka bar ta a rana. Ni yashi nake zuba mata a ƙasa tun tana ƙarama, in gyara mata kwanciya yadda marikinta ba zai ja yaɗo ba, in kafa 'yar rumfa, in lulluɓe ta da farin zanin gado. Rana tana ƙona ɓawo, ta sa ta nuna da wuri, in ta nuna kuwa girma ya tsaya. Ɓera da kurege su ma suna jira, sai da raga.

Ranar cira ita ce ta ƙarshe da nake ganin ana ɓarna. Kada ka yanke ta mako guda kafin awo, nauyi take zubarwa. Ka bari sai jajibiri, ka bar mata mariki mai ɗan tsawo, kuma kada wani ya kama ta ta nan. Ku mirgina ta a hankali kan tamfol mai ƙarfi, mutum huɗu kowa ya riƙe kusurwa, a sauke ta kan tsohuwar katifa a bayan mota, a tokare gefe da gefe da matashin kai kafin a tayar da injin.