Kafin a ce maka tabo ya mutu

'Yan uwa masu Golf da Sharan na dizal, idan mota ta rasa ƙarfi a kan hawa, ka kashe ka tayar ƙarfin ya dawo, kada ka yi saurin sayen tabo, wato turbo, na'urar da ke ƙara wa inji iska. A fara sa mata kwamfuta. In ta nuna lambar matsala P0299, iskar tabo ce ta gaza. Duba siririn tiyon da ya taso daga bawul ɗin N75, mai sarrafa ƙarfin tabo, zuwa tabon. Zafin inji kan busar da shi ya tsage, sai ka lanƙwasa za ka ga tsagar. Tawa har an yi min kuɗin tabo ɗan Beljiyam, ashe tiyo ne. In tiyon lafiyarsa lau, bari inji ya huce a motsa ƙaramar sandar da ke jikin tabon. In ta cije, kunkunniya ce ta taru, wanki take so.