Yadda ake juya lambun bayan gida daga bazara zuwa bazara a ƙasar Kebbi

Shekarar da na fara lambu a bayan gidanmu a Birnin Kebbi, ruwan farko yana sauka na ruga na dasa tumatir. Ya yi ganye shar, har maƙwabta suna leƙowa ta kan katanga. Da marka ta kankama a watan Agusta sai ganyen ya fara baƙi daga ƙasa, furen ya kakkaɓe, ɗan abin da ya ƙulla kuma ya ruɓe a jikin uwarsa. Na kai kuka wurin wani dattijo da ya tsufa a noman fadama, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, damina ta guro ce da sure. Tumatir ɗan ɗari ne, kai ka kira shi ba lokacinsa ba." Na ce, "To Baba, yaushe ne lokacin?" Ya ce in dawo idan gero ya fara nuna.

Guro dai shi ne kuɓewa a bakin mutanenmu, sure kuma yakuwa. Abin da zan zayyana a nan shi ne aikin kowane lokaci, bi da bi, ga mai ɗan fili a cikin gida, ko da taku 10 ne a tsawo da 6 a faɗi.

Bazara: shinge da taki

A fara a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma ba abin da ke son tsiro. Ba a fafe gora ranar tafiya. A zaɓi wurin da rana ke samu aƙalla rabin yini, a nisanci gindin dogon yaro, don inuwarsa da saiwarsa duk ba sa barin na ƙasa da su ya yi ƙiba. Sai shinge. Kara ko zana sun isa su tare akuya, amma kaza ta ƙasa take bi, saboda haka a zagaye gindin dangar da tsohon gidan sauro, a danne bakinsa da ƙasa.

Taki shi ne babban aikin wannan lokaci. A haƙa rami mai zurfin gwiwa a gefe, a riƙa zuba kashin awaki ko na shanu, a bi shi da busasshen ganye da sharar tsakar gida wadda aka tsince leda daga cikinta, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake wani hawa. Duk mako a jiƙa shi, duk mako 2 a juya. Cikin mako 6 zuwa 8 zai nuna. Ana gane ya nuna idan aka cusa hannu ba a ji ɗumi ba, kuma yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka. Kashin kaji ya fi kowanne ƙarfi, amma ɗanyensa ƙona shuka yake yi, dole ya kwana a ramin nan tukuna.

Damina: ganye da kuɓewa

Kada a bi ruwan farko. A jira ruwa ya zauna, a tona da fartanya a ga laima ta kai kamar tsawon tafin hannu. A Birnin Kebbi da Argungu yawanci sai cikin Yuni, su kuwa mutanen Yawuri da Zuru sukan riga mu da 'yan makonni domin ruwansu ya fi saurin zuwa.

A damina kunya ake yi, a ɗaga ƙasa sama don ruwa ya bi kwari ya fice. A rani kuma fangali ake yi, a nutsar da wurin shuka a kewaye shi da ɗan tudu don ruwa ya tsaya. Wanda ya juya waɗannan biyun, ya yi fangali a damina, to tafki ya gina wa kwaɗi.

Irin kuɓewa fatarsa tauri gare ta, a jiƙa shi ya kwana a ruwa. A sa ƙwaya 2 ko 3 a rami mai zurfin gaɓar yatsa, tsakanin rami da rami taƙi 2. Idan ta yi ganye huɗu a cire raunana a bar ɗaya, ko biyu in ƙasar tana da ƙarfi. Na san cirewar tana da ciwo, amma tushe uku a rami ɗaya tsawo kawai za su yi ta yi suna rigimar rana.

Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, sai an cuɗa shi da yashi kafin a yafa, in ba haka ba zai fito cunkus wuri guda. Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce a raba wurinsa kashi 3, a shuka kashi ɗaya duk bayan mako 2. Yakan isa yanka cikin mako 3 zuwa 4, kuma idan duk aka shuka rana ɗaya, rana ɗaya zai isa, a ci a raba wa maƙwabta, sauran ya tsufa ya yi fure. A yanka shi a bar kamar yatsu huɗu daga ƙasa, zai sake tofowa. Rama da sure da lalo ba su da wani fitina, a ba su layi ɗaya-ɗaya. Kabewa a kai ta bakin danga ta hau can, kada ta shimfiɗe a kan 'yan uwanta. Zogale kuwa reshe ake sarowa mai kaurin sanda a kafa a kusurwa, damina za ta yi sauran.

Mako 2 da fitowar shuka a yi firi, wato noman farko, bayan wasu mako 3 a yi maimai a tura wa kuɓewa ƙasa a gindi. Da Agusta ta shigo a buɗe wa ruwa hanya ya fita daga lambun, a duba ta bayan kowane ruwa mai ƙarfi.

Kuɓewa takan fara bayarwa wajen wata 2 da shuka, kuma daga nan ba hutu. Yau a tsinka, gobe a bari, jibi a koma. A gwada da ɗan yatsa: idan tsinin ya karye ɓas, ɗanya ce, idan ya lanƙwashe, ta wuce miya. Duk wadda aka bari ta ƙosa a jiki tana rage wa uwar haihuwa. A sa riga mai dogon hannu saboda ƙaiƙayi. Kada a ce za a yi shanya a tsakiyar marka, furfura kawai za ta yi. A ci ɗanya yanzu, shanya tana gaba.

Satumba: reno, inda shekarar take ƙulluwa

Nan ne dattijon ya ce in dawo, kuma nan ne mafi yawan masu lambun gida suke makara. Hankali yana kan gero da shinkafa, sai an ji sanyi ya shigo a Disamba a tuna da tumatir. Wanda ya yi reno, wato ya shuka irin dashe, a Disamba zai dasa a Janairu, furensa ya faɗa cikin zafin Maris, shi kuwa tumatir idan zafi ya tsananta fure yake zubarwa ba ya ƙulla ɗa. Saboda haka daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba ake reno.

A yi ɗan tudu mai faɗin kamu 2, a tankaɗe ƙasar a haɗa da ruɓaɓɓen taki. A ja layuka da yatsa, a zuba iri jefi-jefi, a rufe da ƙasa sama-sama, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a yi ban ruwa ta kan ciyawar safe da yamma da gwangwanin da aka huhhuda gindinsa. Ranar da aka ga tsiro, wajen kwana 5 zuwa 7 ga tumatir, a janye ciyawar nan take, a ɗaga ta sama a kan 'yan sanduna ta zama rumfa. Rumfar tana kare su daga ruwan ƙarshen damina mai duka da kuma zafin da ke biyo bayansa. Ƙadangare ma abokin gaba ne a nan, da safe ɗaya zai aske layi guda. Gidan sauro ya sake yin rana.

Tumatir yakan yi mako 3 zuwa 4 a reno, tattasai da attarugu mako 5 zuwa 6, albasa mako 6 zuwa 8, sai ta kai kaurin fensir ko kusa da haka. Irin tumatir da aka fi samu wurin masu sayar da iri shi ne Roma da UC82B; duka biyun suna da nama, ba su cika ruwa ba, sun dace da shanya. Irin albasa kuwa, mu da muke da Aliero, garin noman albasa, a kusa ba mu da uzurin sayen wanda ba mu san asalinsa ba. Saura mako guda a yi dashe, a cire rumfar a rage ruwa don su saba da wahala tun suna gida.

Kaka: shanya da sharar wuri

Yayin da reno ke girma, iska ta bushe, lokacin shanya ya yi. A yanka kuɓewa a baza a tabarma a kan rufi ko gado. Ganyen rama da sure da zogale a inuwa ake shanya su don kada su koɗe. Zoɓo yakan isa wajen Nuwamba, a ɓare shi a shanya, gurguzun kuma a ajiye na iri, sauran masu daddawar batso suna so. Kuɓewar iri a zaɓi tushen da ya fi kyau tun farko a ƙyale 'ya'yansa su bushe a jiki, ba ragowar ƙarshe da ta gagari miya ba.

Idan an tuge tsofaffin kuɓewa a dubi saiwar. In an ga ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, akwai wata tsutsa a ƙasar da ido ba ya gani, kuma tana cin tumatir yadda take cin kuɓewa. Wannan wurin a ba albasa shi, tumatir ya koma inda aka yi wani abin.

Ɗari: dashe da ban ruwa

A baje kunyoyi a yi fangali, a zuba taki a cuɗa, a jiƙa tun jiya. Dashe da yamma ake yi, bayan la'asar, a ciro kowane da ƙasarsa. Tumatir taƙi 2 zuwa 3 tsakani, a nutsar da shi har kusa da ganyen farko. Albasa yatsu huɗu zuwa biyar tsakani, ita kuma ba ta son zurfi. Karas ba a dasa shi, inda zai zauna nan ake shuka shi a rage. Latas da kabeji wannan ne kawai lokacinsu a wurinmu.

Makon farko kullum a ba da ruwa. Bayan sun kama, a ƙasa mai yashi kwana 2, a mai laka kwana 3 ko 4, amma a ba su su ƙoshi. Abin da tumatir ya ƙi jini shi ne yau ƙishirwa gobe ambaliya: shi ke sa ya tsage, ko gindin ɗan ya yi baƙi ya lotsa. A rufe gindinsa da ciyawa ko ɓuntun shinkafa, wanda ba ya wuyar samu a jihar nan, laima za ta daɗe. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk a tara a kai lambu. Mai omo da na wankin kaya a zubar can nesa. Mai son ƙarawa da takin zamani, NPK 15-15-15 cikin murfin kwalba ya ishi tushe ɗaya, mako 2 bayan dashe, a binne shi ɗan nesa da gindi a bi da ruwa.

Sai ƙwari. Duk safiya a ɗaga ganye a dubi bayansa. Darɓa da farin ƙuda a nan suke ɓuya, kuma farin ƙudan ne ke kawo cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir. Tushen da ya nannaɗe ya tsugune ba ya warkewa, a tuge shi. Idan an ga farin zane a cikin ganye kamar an yi rubutu, da ƙananan huji a jikin 'ya'ya, alamar sharon ce, tsutsar da ta yi wa manoman tumatir na Arewa mummunar ɓarna a 2016. A tsinke ganyen da ta shiga a ƙona. Maganin gida shi ne 'ya'yan dogon yaro: a daka gram 50 ga kowace lita 1 ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace, a ɗiga ɗan sabulu, a fesa da yamma duk mako, sama da ƙasan ganye. Ba ya kashewa nan take, hana su ci da yaɗuwa yake yi, don haka tun da wuri ake farawa. Fiya-fiya kuwa kada ta kusanci abin da yara za su tsinka su kai baki.

Fabrairu zuwa Maris: kwasa

Tumatirin da aka dasa a Nuwamba yakan fara nuna wajen ƙarshen Janairu. Daidai lokacin ne kasuwa ma take cika har kwando ya faɗi warwas, wani ya ce to ina ribar? Ribar tana zuwa a Mayu da Yuni, ranar da tumatir huɗu za su gagari mai cefane. Saboda haka abin da ya fi ƙarfin tukunya a yi kauɗa: a tsaga biyu, a jera a tabarma cikin yana kallon sama, a ɗaga daga ƙasa saboda yashi da kaji, a shigar da shi da dare. Idan ya bushe ƙarau a zuba a buhu a rataye. Tattasai da barkono haka nan.

Albasa tana faɗa da kanta idan ta isa: wuyanta ya yi laushi, lawashi ya kwanta. Idan fiye da rabi sun kwanta a yanke ruwa, a ba ta kwana 10 zuwa mako 2, sannan a tuge. A bar ta ta sha iska a inuwa har wuyan ya bushe kafin a yanke ganyen, a bar ɗan tsawon yatsu biyu. Wadda aka yanke da ɗanyen wuya ta nan ruɓa ke shiga. Lawashin da ke da sauran kore uwargida takan daka ta dunƙula ta shanya, gabu ke nan na miyar damina. A baza albasar a kan gadon kara inda iska ke ratsawa, kada a tura ta a buhun leda, a riƙa bi duk mako ana tsame wadda ta yi taushi.

Daga nan a tuge karan tumatir a ƙona, kada a kai shi ramin taki. A bar wa attarugu da zogale ɗan ruwan alwala su ratsa bazara, sauran filin a kafce shi a bar rana ta gasa, a koma duba inda akuya ta huda danga.