Kurakuran da ake yi wajen lissafin abincin leda da na gwangwani

Ma'aikacin da zai fita ƙarfe bakwai, da uwar da ke shirya yara uku zuwa makaranta, ba mai ganin laifinsu idan suka jawo ledar Indomie ko gwangwanin kifi. Inda ake tafka kuskure shi ne wajen lissafi.

Yawancin mutane kuɗin leda kawai suke dubawa. Ƙaramar ledar Indomie giram 70 ce, kuma babban mutum ba ya ƙoshi da guda. Sai biyu, a fasa ƙwai, a yanka albasa da attaruhu, ga gas. Duk da haka kafin la'asar ciki ya fara kiran ciroma, domin fulawa ce da aka soya a mai, ba ta daɗewa a ciki kamar wake ko dawa. Daga nan sai biskit da lemo, waɗanda ba wanda ke sa su a lissafi. Ka tara duk abin da ka kashe daga safe har ka dawo gida, sannan ka kwatanta da kuɗin shinkafa da wake na mutum ɗaya. Nan ne za ka san mai araha.

Akwai kuma masu cewa girkin gida kullum ya fi sauƙi. Ba kullum ba. Gwauron da ke zaune shi kaɗai, unguwarsu ba wuta balle firji ya yi sanyi, idan ya yi tukunyar miya rabi zai zubar. Wake kuma yana cin gas sama da awa guda idan ba a jiƙa shi tun dare ba. Irin wannan mutumin burodi da kifin gwangwani ba asara ba ne a wurinsa. Mai iyali kuwa, gara a soya kayan miya da yawa ranar hutu a raba kashi-kashi a ajiye.

Gishiri ne ya fi damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ƙunshin ɗanɗanon da ke cikin taliyar leda yawancinsa gishiri ne, amma sai ka ga an juye shi duka, an marmasa dunƙulen magi, an kuma barbaɗa gishiri a kan ƙwai. A sa rabin ƙunshin, a ƙara albasa da kabeji da karas. Idan ka ga an rubuta sodiyum a bayan leda, ninka adadin sau biyu da rabi, shi ne gishirin. Mai hawan jini ya fi kowa buƙatar wannan lissafi. Lemon kwalba mai santilita 35 kuma yana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali tara.

Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lotse a bakin murfi, bar musu kayansu ko da rabin kuɗi ne. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Masu tafiya da abinci wurin aiki su kula da shinkafa. Idan ta huce ta zauna sama da awa biyu a zafin garinmu, ƙwayoyin cuta na yaɗuwa a cikinta, ɗumame ma ba lallai ya raba ka da ciwon ciki ba. A ɗauraye kular abinci da tafasasshen ruwa, a zuba abincin yana tururi, kada a buɗe sai za a ci.

Sannan me ya sa muke ɗauka abincin sauri sai na kamfani? Garin ɗanwake da aka haɗa aka ajiye bai wuce ƴan mintuna a wuta ba. Busasshen zogale da dakakken ƙuli kwaɗo ne a shirye. Dambun nama da soyayyar gyaɗa suna kwanaki ba firji. Garin rogo da ƙuli da ɗan yaji a cikin durowar ofis, a yanka tumatir da albasa a kai, ya fi biskit riƙe ciki nesa ba kusa ba.