Kafin ku zuba kuɗi a talla, ku duba ko masu saye na dawowa

Masu sabon kamfani, kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara biyan Facebook ko Google kuɗin talla tun hajar ba ta kama zuciyar kowa ba. Zuba ruwa ne a tulu mai huji.

Ku ware waɗanda suka yi rajista a shafinku ko manhajarku a mako guda, ku jera su a jadawali, sannan ku ƙirga nawa suka dawo bayan kwana 7 da bayan kwana 30. In adadin na ta zubewa har ya kusa sifili, a tsayar da talla tukuna. Ku kira goma cikin waɗanda suka tafi, ku tambaye su a ina suka maƙale. Kada ku ce "hajar ta burge ku?", kunya za ta sa kowa ya ce eh.

Lissafin abin da kuke kashewa don samun mai saye ɗaya ba wuya: ku raba kuɗin tallan wata da adadin sababbin masu biya, ba masu leƙowa su wuce ba. In abin da ya fito ya haura ribar da mutum ɗaya ke kawowa a shekara, da kuɗinku kuke sayen asara.

Kowace talla kuma a ba ta adireshin shiga shafinku (link) na daban, don a san wadda ta kawo ciniki.