Babi na 6: Gyaran indararo kafin ruwan farko

Darasi na ɗaya: Hawa da shara

Ƴan uwa, a nan Maradi damina kan kama daga Yuni zuwa Satumba, ruwan ya fi ƙarfi a Agusta. Kowa ya ga ɗakunan da ruwan ƙarshen Agustan 2024 ya kwantar a garin nan. Soro mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4, in aka yi ruwan milimita 25, lita 500 ke sauka a kansa. Wato bido 20 masu cin lita 25. Duk ruwan nan ta indararo zai fita. In bai samu hanya ba, bango ne zai shanye shi.

Ku hau a watan Mayu, da sassafe. Ku kafa tsani a ƙasa mai tauri, babban mutum ya riƙe muku shi. Kada a aiki yaro. Ku riƙa takawa gefe gefe, kusa da rawani, wato ɗan ginin da ya kewaye bakin soro, inda azara ta hau bango. Ku kwashe leda, da ganyen bedi, da rairayin da iska ta tara. Sannan ku zura sanda cikin indararon har ta ɓullo waje.

Darasi na biyu: Ƙarƙashin indararo

Ku natsu, nan ne ake yin kuskure. Ba wuya gare shi ba, mantuwa ce kawai.

Kama indararon ka girgiza. In yana motsi, zare shi. Kankare tsohon yaɓe. Yayyafa wa ramin ruwa, don ɗanyar laka ba ta kama busasshen bango. Lakar kuwa a kwaɓa ta da ciyawa, ta kwana biyu a jiƙe. Kada ku shafa siminti a ginin ƙasa, ɓamɓarewa zai yi. Ginin bulo ne ke son siminti: awo ɗaya, rairayi awo uku.

To, ga wurin: fara da ƙarƙashi. Shimfiɗa laka a ƙasan ramin tukuna, sannan ka ɗora indararo a kanta, ka danna. Laka a ƙasa, indararo a bisa. Bakinsa ya ɗan sunkuya waje, gindinsa kuma kada ya fi daɓen soro tudu. Sai bayan haka ka cika gefe biyu da sama.

Mu maimaita. Me ake fara yi? Ƙarƙashi. Ruwa ba ta bisan indararo yake bi ba, ƙasa yake nema. Ko ɗan rami kamar na tururuwa ka bari a ƙarƙashi, ta nan zai sulale cikin bango. In ka manta, ba komai, zare shi ka sake tun laka na ɗanya.

Amma zan faɗa muku gaskiya, raina ya ɓaci bara. Na je gidan wani ɗalibina, ya ce, “Malam, zo ka ga aiki.” Sama sumul, har da zane. Na zura yatsa ƙarƙashi, ya shige har gaɓa ta biyu, busasshiyar ƙasa na zubo mini a hannu. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Kuna yaɓe inda ido ke gani, kuna barin inda ruwa ke bi. Ƙarƙashi tukuna.

Darasi na uku: Gwaji

Bayan laka ta bushe, juye bokiti biyu a kan soro. Wani ya tsaya ƙasa yana kallo. In ruwa ya fita ta baki ya faɗi nesa da bango, madalla, ka iya. In bango ya jiƙe a ƙarƙashin indararo, koma darasi na biyu.

Darasi na huɗu: Inda ruwa ke faɗowa

Jera duwatsu a wurin, don kada ya haƙe gindin bango.

Darasi na biyar: Indararon tol

In tsatsa ta huda shi, sake sabo.